Tsatsar da Na Goge

Shekara ashirin da biyu ina gyaran jikin mota. In na ga tsatsa, hannuna ƙaiƙayi yake yi. Wannan ne kaɗai uzurina.

'Yata ta biyu, wadda muke kira Injiniya, tana haɗa 'yan motocin roba da ba su fi tafin hannu biyu ba. Akwai wani dattijo da ke ƙera irinsu don gidajen tarihi, ya ce mai koyo ɗaya tak zai ɗauka, kowa ya kawo aikinsa ranar Alhamis. Mako uku tana fama da wata 'yar tifa.

Ranar Litinin da safe, bayan ta fita, na shiga ɗakinta neman almakashi. Sai ga tifar a kan tebur: jirwaye ja-ja a ƙofa, baƙin maiko a gefen tanki, duk ta yi kaca-kaca. Na taɓa, a jiƙe. Na ce lallai wani abu ya zube mata, tana tsoron faɗa mini. Na ɗauki auduga da ruwan da take wanke burushi, na goge ta tas har tana ɗaukar ido. Na kira uwarta ta gani, ta ce Allah ya saka wa uba nagari.

Da Injiniya ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tifar. Can sai dariya ta kama ta, har ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

"Baba, aikin kwana shida ka wanke."

Ashe dattijon ba sabuwar mota yake so ba, wadda ta sha wahala yake so. Tsatsar da gangan ce. Da fentin mai na masu zane ake yin ta, don yana jinkirin bushewa, mutum ya samu damar ja da shafawa. Shi ya sa na tarar da shi a jiƙe. Ga kwana uku kacal, ga kalar tsatsarta ta ƙare. Uwarta ta sulale kicin kamar ba ita ta yi mini addu'a ba.

Muka garzaya shagon kayan zane. Mai shagon ya ce mu bar fentin 'yan koyo, mai ya yi masa yawa, kala kaɗan; mu ɗauki ƙananan na ƙwararru. Ya miƙo ja guda ɗaya, wai tsatsa ke nan. Ban san lokacin da na fashe da dariya ba. Na ce masa sabuwar tsatsa ruwan lemo ce, tsohuwa kuwa kamar hanta, ta wajen batir har fari-fari take yi. Injiniya ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Kala huɗu muka ɗauka.

A gida ta matsa fentin a kan guntun kwali don ya shanye man, ta ce haka zai bushe da wuri kuma ba zai yi ƙyalli ba. Tana ɗiga shi da tsinke, ta ja ƙasa da burushi mai ɗan damshi. Na yi alkawarin ba zan tsoma baki ba. Minti biyar na yi.

"Wa ya ce miki tsatsa na farawa a tsakiyar ƙofa?"

"To a ina, malam mai wanki?"

Na nuna mata inda ruwa ke kwana: gindin ƙofa, bakin ƙusa, ƙarƙashin batir. Na ce matakalar direba kuwa ba ta tsatsa, takalmi na goge ta kullum. Kafin magariba ni ne ke cewa ta ƙara datti, ni da bakina. Muka kunna wa tifar fanka, na hana shara a gidan kwana biyu.

Ranar Alhamis na rungumi kwalin takalmin da muka saka tifar a ciki kamar jariri. Injiniya ta shiga shagon dattijon, ni ina waje ina zarya. Can ya leƙo, gilashin ƙara girma a hannunsa, fuska a murtuke.

"Kai ne uban? Wane irin direba ne ya bar batir na zuba haka?"

Na fara ba da haƙuri. Sai ya yi dariya, ya ce shekarunsa nawa yana ganin tsatsar ƙarya, yau ya ga ta gaske. Ya ce Injiniya ta zo ta fara aiki ran Litinin.

A hanyar gida na gaisa da mutanen da ban sani ba, har na tsaya yaba wata ruɓaɓɓiyar bas. Na buɗe kwalin in ƙara kallo, sai na hango ɗan tabo a gilashin gaba. Yatsana ya tafi da kansa.

Injiniya ta cafke hannuna, ta karɓe kwalin, ta ba ni jakarta in riƙe.