Alawar Gayyata

Kaɗan ya rage in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma abin kunya ne ya same ni, ba abin labari ba. Ƙanwata Sa'adiya ce ta dame ni a waya, wai tunda ba na iya faɗa da baki, in zuba a takarda.

Shekararmu biyu a unguwar Dei-Dei, Abuja. Mijina Labaran lodin siminti yake yi a kasuwar kayan gini, ya fita da sassafe, ya dawo fari fat kamar an tono shi daga buhun fulawa. Gidan da muke haya ɗaki goma sha biyu ne, famfo ɗaya. Mu kaɗai ne Hausawa. Sauran suna jin Hausa, irin ta Abuja, amma ni daga "ina kwana" ba na iya ƙarawa. Idan na ji mata sun taru a famfo, sai in jira su watse.

Abin da ban lura da shi ba, 'yata Muhibba ta ɗauko halina. Takan tsaya a bakin ƙofa, rabin jikinta a bayan labule, tana kallon yara suna guje-guje. Ba sa korar ta, ba sa kiran ta. Ran da aka yi bazden Justice, wato bikin ranar haihuwar yaron ɗakin da ke kallon namu, ta ga kowane yaro ya fito da 'yar leda a hannu. Ta juyo ta ce, "Umma, ni ma in na yi nawa za su shigo ɗakinmu?"

Na ce za su shigo.

Da na gaya wa Labaran, dariya ya yi. "Safiyatu, ke kin san ranar da aka haife ki? Ni dai an ce da damina ne."

"Ita ai an rubuta tata a katin asibiti. Asabar mai zuwa za ta cika huɗu."

Ya kalli yarinyar tana wasa da murfin kwalba ita kaɗai, ya ce, "To, ki yi daidai ƙarfinmu."

Na zauna rubuta sunayen waɗanda za a gayyata, sai na ga ban taɓa tambayar sunan yaro ko ɗaya ba. Ta bango na san su, idan iyayensu suna kwaɗa musu kira. Justice, shi kullum ana kiran sa ya yi wanka. Godfrey, wanda ke ɓatar da silifas. Halimat da ƙaninta Amir. Na rubuta takwas a bayan takardar buhun siminti. Akwai wata 'yar ƙarama da ban taɓa jin an kira ta ba, na rubuta "mai jan siket".

Ledoji tara na haɗa, na ƙara ɗaya ko da wani zai zo da ƙani. Kowace na sa biskit ɗaya, fensir, balan-balan, da gugguru da na soya da kaina. Na yi tuwon madara na yanka ƙanana. Da na ga ledojin sun yi fayau, sai na ɗaure bakinsu da zaren saƙa ja, Muhibba tana riƙe mini da yatsa ina ƙullawa.

A ƙauyenmu, can bayan Malumfashi, idan za a yi suna, goro da alawa ake aikawa gida-gida. Duk wanda alawa ta shiga hannunsa ya san an kira shi, kuma ba a faɗa masa rana, don kowa ya san ran da aka haihu. Ni abin da na sani ke nan. Ranar Alhamis na sa mayafi, na ɗauki faranti da alawa, na bi ƙofa-ƙofa. Kowace ƙofa kalma uku nake iya fitarwa: "Na bazden Muhibba." Su ce, "Eyya, hafi bazde! Allah ya raya!" Na dawo ɗaki ina murna. Na ce a raina, yau na gayyaci mutane.

Asabar na share ɗaki sau biyu. Na jingine katifa a bango, na shimfiɗa tabarma, na yi dafa-duka tukunya guda. Na yi wa Muhibba kalaba, na sa mata rigar sallarta. Daga azahar ta zauna kusa da tiren ledojin, tana gyara musu zama. Na ɗage labule don a ga ƙofa a buɗe take.

La'asar ta yi. Yara suna wasan ƙwallo a tsakar gida. Sau ɗaya ƙwallon ta gangaro har bakin ƙofarmu, Godfrey ya zo ya ɗauka, ya leƙa, ya ga balan-balan, ya koma da gudu. Muhibba ta miƙe tsaye, sannan ta zauna.

"Umma, sun manta ne?"

"Suna zuwa. Sai sun yi wanka."

Wajen ƙarfe biyar da rabi ruwanmu ya ƙare, dole na fita famfo. Na tarar da Maman Justice tana wanke kifi. Ta hango Muhibba a bayana ta ce, "Kai, amarya! Maman Muhibba, yarinya naka ya yi kyau yau. Ina za ku tafi?"

Na ce, "Ba ko'ina."

"Wannan alawa na bazde, Justice ya shanye duka, har nawa. Shekara na gaba ki yi fati fa, ki kira mu, mu ci shinkafa. Kina ɓoye a ɗaki kamar sabon amarya!"

Sai a lokacin na gane. Su a wurinsu alawar ita ce rabon, an yi an gama tun Alhamis. Shinkafar da take faɗa tana nan a ɗakina, taku goma daga inda muke tsaye. Na buɗe baki, ruwa ya cika bokiti yana zuba, na ce, "To." Na ɗauka na wuce.

Da Labaran ya dawo da magariba ya ga tiren yadda yake, bai yi tsokana ba. Ya wanke hannu, ya ci faranti biyu, ya hura balan-balan ɗaya ya ba Muhibba. Ta karɓa ta ajiye. Ta ƙi yarda a cire mata rigar, kuma ta ƙi buɗe ko leda ɗaya, wai na baƙi ne.

Washegari Lahadi, na san yawancinsu coci za su tafi da ƙarfe takwas. Tun bakwai na goge wa Muhibba rigar, na riƙe hannunta, muka tsallaka tsakar gida. Ban ɗauki komai ba. Na ƙwanƙwasa ƙofar Maman Justice, ta buɗe da ɗankwali a hannu. Ban gaishe ta ba, don na san idan na fara da gaisuwa a nan zan tsaya.

Na ce, "Yau ƙarfe huɗu akwai fati a ɗakina. Ina gayyatar Justice. Ke ma ki zo."

Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, har wata ta leƙo ta taga. Na ja hannun Muhibba, muka nufi ƙofa ta biyu.