Ƙwan Fitilar Rilwanu Hayaƙi

A kasuwar Gwandu, idan ka ce kana neman Rilwanu mai gyaran rediyo, sai an ɗan yi tunani kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Rilwanu Hayaƙi, ko mai tallar albasar da ta shigo daga Masama da safen nan za ta nuna maka shagonsa da baki. Sunan kuwa ba sharri aka yi masa ba. Shekara ashirin da biyu yana sana'ar, kuma ilimin da ya gada wurin maigidansa bai wuce uku ba: a mari rediyo a ƙeya, a hura mata iska, a ɗanɗana batir da harshe. In duk ba su yi ba, sai a ɗauko guntun waya a yi ta taɓe-taɓe ko Allah Zai sa a dace. Wani lokaci akan dace ɗin. Sau da yawa kuwa sai ka ji ɗan ƙas, sai wari, sai siririn hayaƙi ya tashi. Rilwanu ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya juyo ya dubi mai kaya ido cikin ido ya ce, "Dama ta mutu tun gida."

Shagon ba nasa ba ne, na matarsa Indo ne, gadon mahaifinta. Ta yi haƙuri da tocilar maƙwabta, ta yi haƙuri da lasifikar masu wa'azi. Haƙurin ya ƙare ne ranar da ya ce zai ƙara wa fankarta ta sola gudu, ana tsakiyar zafin bazara. Fanka ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba na tsawon numfashi uku, daga nan ba ta sake motsi ba.

Indo ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Tana fifita da murfin kwano ta ce, "Malam, ka ji ni da kyau. An ce akwai inda aka koya ma mutane aikin wuta a Kalgo, Asabar da Lahadi, mako shida. Ka tahi. In ka zo da takarda, shago naka na. In ba ka zo da ita ba, kaji za ni zubawa ciki."

"Indo, ni za ki haɗa da kaji?"

"Ban haɗa ku ba. Su ba su yi min komi ba."

Washegari ya tarar da kafinta a shagon yana auna bango da igiya. Nan ya san ba wasa ba ne, kuma tsoro ya kama shi na gaske. Mutum ya haura hamsin, ina zai riƙa zama da safe? Wa zai riƙa ce masa barka da aiki?

Ranar Asabar ya ɗaure buhun kayan aikinsa a bayan babur, ya bi ta Ambursa da Birnin Kebbi, ya sauka Kalgo ƙugunsa na ciwo. Cibiyar koyon sana'ar ɗaki ɗaya ce mai kwamfutoci goma sha biyu, ɗaliban duk sa'annin 'ya'yansa. Mai koyarwa, Malama Patience, 'yar Zuru ce, doguwa, ba ta da saurin fushi, wanda hakan ya yi mata rana daga baya. Ta dubi buhun ta ce, "Baba, ajiye shi bakin ƙofa. Nan komai cikin kwamfuta za mu fara haɗawa."

Ta nuna musu manhajar da za su yi koyon da ita. Gefe ɗaya na allon akwai hotunan kaya: batir, waya, ɗan ƙwan fitila ja irin na jikin caja, da rezisto, wato ɗan tsinken nan mai zane-zane da ke rage wa wuta ƙarfi. Sai ka jawo abin da kake so, ka haɗa, ka danna maɓalli, kwamfuta ta nuna maka abin da zai faru da a ce na gaske ne.

Rilwanu ya matso da hancinsa kusa da allon ya shinshina. Bai ji komai ba, bai kuma ji daɗin hakan ba.

"Malama, batirin ga, ƙaƙa za ni sanin shina da rai? Ina za ni sa harshe?"

"Ga shi a rubuce, Baba, bolt tara."

"Rubutu ai kowa na iya yi. Ni na san batir, shina ƙarya."

Da ƙyar aka raba shi da maganar. Ya jawo batir, ya jawo ƙwai, ya haɗa su kai tsaye kamar yadda ya saba, rezisto kuwa ko kallonsa bai yi ba, don shi a saninsa ado ne Turawa ke sa wa kaya. Ya danna. Ƙwan ya yi wal, sai ga hoton fashewa a kansa, ya yi baƙi ƙirin.

Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi. "Dama ya mutu tun gida," in ji shi, yana miƙewa, idonsa na neman ƙofa.

Aji ya fashe da dariya. Malama Patience ta miƙo hannu ta danna wani maɓalli, sai ga ƙwan nan sabo fil, kamar ba a taɓa yi masa komai ba.

Rilwanu ya koma ya zauna a hankali. "Mi kinka yi mishi?"

"Mayar da shi na yi. Nan ba abin da ke ƙonewa da gaske, shi ya sa muke koyo a nan."

"Ba mai shi? Ba wanda za shi zo shi tsaya min a kai?"

"Babu."

"Sake in gani."

Ya ƙona, ta mayar. Ya sake ƙonawa, ya mayar da kansa. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙafa har hula. Shekara ashirin da biyu duk hayaƙin da ya tashi sai da gabansa ya faɗi, sai da ya yi ƙarya, sai da ya sha zagi. Yau ga wuri an buɗe, da fanka har da kujera, inda mutum zai ƙona abin da ya ga dama a ce masa sannu da ƙoƙari.

To, nan fa karatu ya karkace. Sauran ɗalibai suka wuce zuwa fitila mai ƙyaftawa, suka wuce zuwa ƙararrawar ƙofa. Rilwanu yana nan yana ɓarna. Ya juya kafasita, wato 'yar gwangwanin nan mai tara wuta, baibai ya ga ta fashe. Ya ɗora wa ƙaramin inji batir shida. Ya gano cewa in ya sa rezisto tsakanin batir da ƙwai, ƙwan ba ya mutuwa, sai ya yi ta rage girman reziston kaɗan-kaɗan don ya ga daidai inda rai ke fita. Ya laƙaba wa rezisto suna mai raba faɗa, yana girmama shi, amma ba ya barinsa ya yi aikinsa.

"Baba, yau dai ka haɗa abu ɗaya da zai yi aiki ya zauna lafiya," Malama Patience kan ce.

"Bari in ƙare da wanga tukuna, Malama. Ya kusa."

Duk ranar Lahadi da yamma in ya dawo Gwandu, Indo kan tarye shi da ruwa da tambaya. "Mi kunka koya yau?"

"Inji huɗu na ƙone."

"Innalillahi! Na wa?"

"Ba na kowa ba na. Shi a daɗin abin."

Ranar kasuwa Indo ta sayo ragar waya da kaskon ruwan kaji guda biyu, ta jingina su a inda zai riƙa gani in zai yi alwala.

Ranar ƙarshe ta zo. Rilwanu ya sha babbar rigarsa mai ruwan toka, don an ce za a ɗauki hoto da takarda a hannu. Mai jarrabawa, Injiniya Benjamin, ya zo daga Birnin Kebbi da jaka cike da ƙananan ledoji, ya raba wa kowa ɗaya. A cikin kowace akwai ɗan allo mai huji-huji na soka kaya, batir na gaske, ƙullin rezisto, da ƙwan fitila ja guda ɗaya tak.

"Aikin ba wuya," in ji Injiniya. "Ka gwada a kwamfuta, sannan ka haɗa a zahiri. Wanda ƙwansa ya kama, ya samu takarda. Wanda ya ƙona nasa, ba wani, sai baɗi."

Rilwanu ya ɗora ƙwan a tafin hannunsa. Bai kai ƙwayar gujiya ba. Ya duba ledar ciki da waje, babu maɓallin mayarwa. Nan take duk hanyoyin mutuwar ƙwai da ya koya cikin mako shida suka taru suka faɗo masa a rai. Babu mahaluƙin da ya kai shi sanin yadda wannan ɗan abu zai iya hallaka, kuma yau ne ranar farko da sanin ya zame masa bala'i.

Ya gwada a kwamfuta da rezisto ɗaya, ƙwai ya kama lafiya lau. Ya gani da idonsa, ya kuma yarda lissafin daidai ne. Amma ita kwamfuta ba ta da mata mai jiran ta da ragar kaji. Ya soka rezisto ɗaya a allo, ya dube shi, ya ga ya yi masa kaɗan a wannan babban faɗa. Ya ƙara na biyu. Ya ƙara na uku. Ya juye ƙullin gaba ɗaya ya jera su, wutsiyar wannan a bakin wancan. Sauran ɗalibai tuni sun gama, ƙwansu na haske, suna ɗaukar hoto da waya. Rilwanu ya bi tebur-tebur yana cewa, "Ɗiyata, reziston da ya rage miki kina so nai?" Malama Patience ta yi tari, ta sake yin tari, har ta sha ruwa, bai ɗago ba.

Da ya gama, allon ya cika ya batse, har wasu na lilo a gefe kamar jigida. Ya yi bisimilla, ya kau da kai, ya rufe ido ɗaya, ya haɗa wayar ƙarshe.

Ba ƙas, ba wari. Ya shaƙi iska sau biyu don ya tabbata. Sannan ya duba ƙwan. Ba haske.

Injiniya Benjamin ya zo ya tsaya, ya daɗe yana kallon jerin nan. "Baba, a shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa ganin irin wannan ba. Amma bai kama ba."

"Ya kama."

"Ina hasken?"

"Shina ciki. Wuta ta ratsa, na san ta ratsa. Ranar ga ta Kalgo ta yi mishi yawa."

Rana kuwa ta take tsaka, tagogi huɗu a buɗe. Injiniya ya kare ƙwan da tafin hannu, ya leƙa, ya girgiza kai, ya buɗe biro zai rubuta. Rilwanu ya ga shago na tafiya a bakin biron nan. Bai san lokacin da ya tattaro hannun babbar rigarsa ya yafa a kan tebur ba, ya tura kansa ciki, sannan ya ɗaga gefe ɗaya.

"Injiniya, don Allah shigo."

"In shigo ina?"

"Ciki. Minti guda."

Injiniya ya dubi Malama Patience, ita kuwa ta sami abin kallo a silin. Ya sassauta ɗamarar wuyansa, ya sunkuya ya shiga. Daga waje ba a ganin komai sai tulin riga da ƙafafu huɗu, biyu cikin takalmi sau ciki, biyu cikin silifa. Ɗalibai suka toshe baki, wata har ta durƙusa.

A ciki duhu ne da zafi da ƙamshin tsohon turare. Kai na gugar kai. Can da ido ya saba, sai ga wani ɗan ɗigo ja a tsakiyar ƙwan, bai kai ƙwayar gero ba.

"Ka gane shi?" Rilwanu ya ce da raɗa.

"Na gan shi," in ji Injiniya, shi ma da raɗa, bai san dalili ba. "Ya kama. Amma Baba, ka shaƙe shi. Matsar da wayar nan gaba, ka tsallake rezisto guda ɗaya."

"Mutuwa za shi yi."

"Kai ka fi kowa sanin inda yake mutuwa, Malama ta gaya min. Mun kai wurin?"

Rilwanu ya lissafa. "Da saura da nisa."

Ya tsallake ɗaya. Ɗigon ya ɗan ƙaru. Ya tsallake wani, ya tsallake uku a haɗe. Ƙwayar gero ta zama ta dawa, ta zama garwashi, har ya fara ganin gumin da ke hancin Injiniya. A waje dariya ta tsaya, don wani jan haske ya fara ratso zaren rigar. Wata ɗaliba ta ce, "Ga shi nan!" sai aji ya kaure da tafi.

Saura rezisto biyu Rilwanu ya janye hannunsa.

"Ɗaya ma ya isa," in ji Injiniya.

"Na sani. Guda na aiki na. Gudan na Indo na, a bar shi."

Injiniya Benjamin ya fito jiƙe sharkaf, ya gyara wuyan rigarsa, ya sa hannu a takarda. Rilwanu bai fito ba. Yana can ciki da ƙwansa, abu na farko da ya taɓa haɗawa da sanin dalili, yana kallon sa yana ci, minti ɗaya, minti biyu, bai mutu ba. Daɗi ya cika masa ciki har ya fito ta ido, kuma bai ga dalilin da zai sa yaran nan su gani ba. Aka ji yana jan hanci da ƙarfi daga cikin rigar.

Malama Patience ta ce a ƙyale shi. Ta ɗora takardarsa a gefen tebur, ta danne da batir don kada fanka ta ɗauke, aka ci gaba da kiran sunaye.