Faifai Goma Sha Huɗu

Babu na'urar da ɗan Adam ya ƙera da za ta gagari mutumin da ya yi digiri a fannin gudanar da mulki. Malam Abdulganiyu, sakataren Ƙungiyar Manoman Gero da Riɗi ta ƙasar Gumel, shi ya gano haka, ya kuma sanar a ofis wata Litinin cikin Mayun 1998, yana tsaye gaban kwamfutar da bai taɓa kunnawa da hannunsa ba.

Kwamfutar guda ce, wasu Turawa masu haƙar rijiyoyi suka bari. Mai aiki da ita ma guda ce, Madam Keziya 'yar Pankshin, wadda ta shekara tara tana buga wa ƙungiya takardu. A cikin na'urar akwai jerin sunayen manoma dubu biyu da ɗari uku, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, waɗanda za a raba wa taki. Duk wanda babu sunansa ranar da tirela ta iso, sai baɗi. Wata huɗu Keziya ta yi tana haɗa jerin daga takardun masu unguwanni, takardun da Malam ya sa aka ƙona bayan ta gama, kada wani ya ƙara suna a jikinsu.

Malam bai yarda da kowa ba. Ya lura duk manomin da ya shigo sai ya gai da Keziya kafin ya gaishe shi. Teburinta ne a bakin ƙofa, amma bai sa wannan a lissafi ba. Ya kafa doka: ba a fita da jerin, ba a buga shi a takarda sai ranar rabo. Faya-fayan da take kwafe aikinta a kai duk Juma'a ya karɓe ya kulle a durowarsa.

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ya haɗu da Mushe Sajo, wato Malam Sajo a bakin mutanen Nijar, wani malamin makaranta daga Damagaram. Sajo ya ba shi labarin Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wanda shi da kansa ya rage wa kaya don tsofaffin na'urori. Ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri, kuma kyauta ne.

"Kyauta? Wa ya biya su?"

"Ba kowa, Malam. Jama'a ne a duniya suke haɗawa. Kowa yana iya leƙa cikinsa."

"To me suke nema a wurinmu?"

"Ba su ma san da Gumel ba."

Wannan amsa ta ƙara masa zargi. Amma kalmar sirri ta rinjaye shi. Sajo ya ce a kawo masa faifai goma sha huɗu ya zuba tsarin a kai. Faifai sai an je Kano, ɗan aike kuma yana da baki. Da Malam ya koma ofis, sai ya buɗe durowa ya ƙirga. Goma sha huɗu cif. Abin da ke cikinsu ai yana cikin kwamfuta, me za a yi da abu biyu?

Bayan mako guda faya-fayan suka dawo tare da takardar bayani da Sajo ya rubuta da hannu. Malam ya mai da Keziya baranda, ya kulle ƙofa.

Ranar farko bai gano yadda ake sa na'urar ta tashi daga faifai ba. Rana ta biyu faifai na shida ya ƙi. Ya hure shi, ya goge shi da hannun riga, ya ɗaga shi saitin taga yana neman alamar an taɓa.

"Madam Keziya! Wa ya shigo ofishin nan jiya?"

"Yallaɓai, makullin yana aljihunka."

"Abin da na tambaya ke nan?"

Tsoho Ilu masinja, da ke zaune kusa da ita, ya ce a hankali, "Jiya ni aka tambaya. Gobe sai ƙadangarun katanga."

Rana ta uku na'urar ta kawo tambayar da takardar Sajo ta ja wa layi biyu: a bar tsohon tsari da kayansa a gefe, ko sabon ya cinye wurin duka? Sajo ya rubuta a bar shi. Malam ya daɗe yana kallon layukan nan. Don me Sajo ya damu da tsohon tsari haka? Tsohon tsari shi Keziya ta sani. Idan aka bar shi, an bar mata ƙofar baya ke nan. Ya zaɓi duka. Na'urar ta tambaya ko ya tabbata. Bai ji daɗin tambayar ba.

Kafin la'asar komai ya kammala. Baƙin allo, da ɗan farin layi yana ƙiftawa. Ya buga kalmar sirrinsa, ta buɗe. Ya buɗe ƙofa yana murmushi.

"Madam, zo ki fito min da jerin."

Keziya ta zauna, ta duba, ta sake dubawa.

"Yallaɓai, babu shi. Amma ba komai, kawo faya-fayan durowa."

Malam ya kalli faya-fayan da ke zube kan tebur, kowanne da lambar da Sajo ya sa a kan rubutunta, bayan ya share abin da ke ciki ya zuba tsarinsa. Ita ma ta kalle su. Saura kwana huɗu tirela ta iso.

"An shirya wannan," in ji shi. "Zan gano wanda ya shirya."

Washegari Keziya ta shigo da leda a hannu. A ciki akwai shafi arba'in da shida, jerin gaba ɗaya. Ta buga shi tun ranar da aka karɓe mata faifai, ta ajiye a gida ƙarƙashin akwati. Ta san dokar. A hanya Ilu ya ce mata ta tura ta ƙarƙashin ƙofa kawai, a ce aljanu ne. Ta ce Malam zai ce jabu ne, ya sa a ƙona.

Malam ya juya shafukan ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe dai kin fita da shi," ya ce, da muryar wanda hankalinsa ya kwanta.

Aka raba taki ranar Asabar, ba wanda ya rasa. Shugaban ƙungiya ya yaba wa sakatare bisa shigo da ilimin zamani.

Ranar Litinin Malam ya kira Keziya ta buga takarda. Da yake har yanzu ba wanda ya iya sarrafa sabon tsarin, sai aka sauko da tsohuwar tafireta daga kan kabad. Ya riƙa faɗa tana bugawa: saboda fitar da sirrin ofis, an mayar da ma'aikaciya Keziya rumbun ajiya na Gagarawa daga farkon wata. Ta gyara masa kwanan wata, ta zare takardar, ta miƙa masa biro.