Kajin Yaya Herminia Sun Yi Ƙiba

Ranar da aka bugo waya cewa 'yarta Yadira ta haihu lafiya a birnin San Pedro, yayata Herminia ta haɗa jakarta nan take, amma ta kasa fita daga tsakar gida. Kajinta tara ne suka riƙe ta. Ta tsaya bakin akurki da ƙaramin gwangwanin kifi a hannu, tana yi wa mijinta Chencho bayani.

"Tsoho, duba nan. Kowace kaza gwangwani ɗaya a rana, daga wannan buhun na abincin kajin ƙwai. Rabi da safe, rabi da yamma. Masara kuwa ɗan barbaɗe kawai in rana ta yi sanyi, don su samu abin tono. Ganyen kabeji in akwai. Ruwa kullum a canza. Me na ce?"

"Kin ce a ba kaji abinci," in ji Chencho. "Haba Herminia. Shekara da shekaru ina tuƙa bas cike da mutane a kan duwatsun nan, kaji ne za su gagare ni?"

Ni gidana na manne da nasu, shingen itace ne kawai a tsakani. Yaya ta juyo ta ce, "Otilia, ke kuma ki riƙa miƙa masa abinci, kin san ko ruwan kofi bai iya dafawa ba." Na ce to. Ta hau mota ta tafi wankan jego.

Kullum sai in zuba masa wake da shinkafa, da soyayyar agade, in naɗe gurasar masara mai zafi a tsumma, in miƙa ta saman shinge. Kwano kuma ya dawo fes kamar an wanke. Har na fara yi masa tsiya.

"Mijin Yaya, ashe dai girkina ya fi na matarka? Faɗi gaskiya, ba zan kai ƙara ba."

"Rufa mini asiri," ya ce. "Naki gishiri ya yi yawa, haƙuri kawai nake yi."

Wata rana da tsakar rana na fito shanya, sai na ji yana magana a bayan gida. Na leƙa. Ga Chencho zaune kan bokiti a gindin lemo, kwanona a cinyarsa, kaji sun kewaye shi. Yana gutsura gurasa yana jefa musu, yana watsa shinkafa, yana kuma yi musu irin maganar da ya saba yi wa fasinjoji.

"Ku matsa ciki, akwai wuri a baya. Ke Ja, daina ture mutane, kowa zai samu. Madam, a yi haƙuri, yanzu za mu tashi."

Shi kansa loma biyu ko uku na ga ya kai baki.

Na ce, "To, ashe kaji nake yi wa girki! Ni da tsayuwa gaban murhu, Ja da cin agade?"

Ya yi firgigit, sannan ya sunkuyar da kai yana dariyar kunya. Da ya ɗago sai ya ce a hankali, "Otilia, abinci ba ya wuce mini in ni kaɗai ne. Tun da muka yi aure, ko da wane lokaci na dawo daga hanya, tana zaune a gefena har in gama. Waɗannan ko ba komai suna zama da ni."

Na dai ce ya shigo ya riƙa ci da mu, ya ce to, bai kuwa zo ba. Na ce ya bi abin da Yaya ta faɗa game da kajin, nan ma ya ce to. Amma buhun masara sai raguwa yake yi, na abincin ƙwai kuwa yana nan tsaye kamar ba a buɗe ba.

"Ba sa son na buhun," ya ce da na tambaya. "In na zuba sai su kalle ni. In na girgiza masara kuwa har da gudu. Wa zai tilasta wa baƙo cin abin da ba ya so?"

Kajin suka yi ɓul-ɓul, suna tafiya suna rangaji kamar masu kuɗin gari. Ƙwai kuma ya soma ja baya, daga cikin kwando zuwa cikin tafin hannu, har aka wayi gari babu. Wata safiya ya zo bakin shinge a ruɗe, hannunsa jage-jage da gwaiduwa.

"Otilia, cuta ta shigo! Ɗaya tak na samu, shi ma ɓawonsa kamar leda, ina ɗauka ya fashe."

"Ba cuta ba ce, mijin Yaya, gata ne ya yi musu yawa."

In Yaya ta bugo waya kuwa, ina jinsa yana cewa, "Kaji? Lafiya lau. Ba ki taɓa ganin sun yi kyau haka ba." Kuma ba ƙarya ya yi ba.

Da Yadira ta yi ƙarfi, Yaya ta dawo. Ko jaka ba ta kai ɗaki ba ta nufi akurki, ni da Chencho muna biye. Ta cafke Ja, ta ɗaga ta sama tana auna nauyinta, ta lalubi ƙasan cikinta da yatsu.

"Chencho! Wannan kaza ce ko alade? Kitse ya toshe ta ko'ina, ta ina ƙwai zai fito? Masara zalla da shinkafa ai ƙiba kawai suke sawa. Abin da ke gina ƙwai da ɓawonsa yana cikin buhun can da ka bari yana ƙura. Na ce maka..."

Ta juyo don ta ƙarasa faɗan. Sai idonta ya sauka kan wandonsa da ya tattare a ƙugu, da sabon ramin da ya huda wa bel ɗinsa da ƙusa. Ta dubi wuyan rigarsa da ya yi masa yawa. Ta saki kazar.

"Otilia, ba ki ba shi abinci ba ne?"

"Na ba shi, Yaya. Tambayi Ja."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kama hannun rigarsa ta ce, "Wuce mu je, tsohon banza." Ta zaunar da shi a kicin, ta hura wuta tun ba ta cire takalmin tafiya ba, ta zauna a gefensa tana ba shi labarin jaririn har ya share kwano biyu.

Daga ranar aka juya lamarin gidan. Kaji suka koma ma'auninsu, masara ta zama abin marmari. Yaya ta tara ɓawon ƙwai daga gidana da na maƙwabta, ta gasa a kaskon gurasa, ta daka, ta ajiye musu a wani kwano daban. Ta sake su cikin gonar kofi su yi tono su motsa jiki. Kajin suka yi ta ƙorafi, suna bin Chencho duk inda ya sa ƙafa. Shi ma sau da yawa Yaya ta tare shi a bakin ƙofa ta zazzage masa aljihu, masara ta zubo.

"Ja ce take kallona," yake cewa. "Ke ba ki ga idonta ba."

An ɗan jima kafin ƙwai ya dawo, amma ya dawo, da ɓawo mai ƙwari. Wandon Chencho ma ya koma ya zauna daidai.

Da lokacin baftismar jaririn ya zo, Yaya ta haɗa jaka biyu. Ta ce ba za ta sake barin mutumin nan da kaji ba, kowa cutar kowa yake yi. Ni aka bar wa akurki. Suna shirin hawa mota Chencho ya dawo da sauri, ya raɗa mini cewa kazar nan Madam ba ta iya kokawar abinci ba, in riƙa zuba mata nata a gefe.