Ranar Dashe

Mijina Nelson malamin gona ne, kuma tun da nake ban ga mai taurin kai irinsa ba. Shekara goma sha ɗaya yana hawa babur daga gidanmu na Badariya zuwa fadamun Argungu, yana ja-in-ja da manoman shinkafa a kan magana guda: in za a yi dashe, a sa tsiro ɗaya a rami, a daina cusa biyar ko shida. Su ce haka suka tarar da iyayensu suna yi. Shi ya ce ɗaya ya isa, a ba shi fili kawai a ga 'ya'yan da zai yi. Ni ma da ba ni da ko taƙi ɗaya na gona ban tsira ba, ina tuƙa tuwo yana tsaye a ƙofar kicin yana yi mini lacca. 'Yarmu Hope har kwaikwayonsa take yi, ta ɗaga yatsa sama kamar yadda yake yi, mu yi ta dariya yana hararar mu.

Ni ce Caroline. Mu mutanen Pankshin ne, aiki ya kawo mu Birnin Kebbi, ni kuma ɗinki nake yi.

Bara ƙafafunsa suka fara kumbura, ya ce zaman babur ne. Da takalminsa ya ƙi shiga, na ja shi asibiti da tsiya. Likita Ni'imatullahi, wata mace mai magana a hankali, ta zaunar da mu ta ce ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki. Za a riƙa yi masa wankin ƙoda Talata da Juma'a, amma wankin riƙo ne kawai. In ana so ya rayu, sai an yi masa dashe, wato wani mai lafiya ya ba shi ɗaya daga cikin nasa biyu, in jininsu ya dace. Ta ce mai bayarwar yana rayuwarsa lafiya lau da ɗayar da ta rage.

Ƙaninsa Paul, mai sayar da kayan babur a Gwadangaji, bai jira an roƙe shi ba. Washegari ya je ya miƙa hannu aka ɗebi jini, yana tsokanar yayansa wai daga yanzu sai ya riƙa gaishe shi da safe. Jininsu ya dace. Ranar da aka faɗa mana, matan zumunta na cocinmu sun cika mana falo da waƙa, ni kuwa na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi. An fara maganar ranar da za mu tafi babban asibitin da ake aikin a wata jiha. Sai a watan Nuwamba, Paul yana dawowa daga kasuwar Jega, motarsu ta yi karo da babbar mota. Bai kai asibiti ba.

Ni na raka gawa gida. Nelson bai iya zuwa ba, don hanyar ta fi ƙarfinsa, kuma ba ya tsallake wanki. Hope ta ba ni labari cewa ranar biso ya sa baƙin kwat ɗinsa, ya ɗaura taye, ya zauna a falo da waya a kan tebur yana sauraron addu'ar da ake yi a bakin kabari. Ta ce bai motsa ba har aka gama.

Da na dawo ya kira ni ɗaki ya yanke hukunci. Babu wanda za a sake gwadawa saboda shi, musamman ni. Ya ce Hope shekararta sha biyar, ta rasa Baba Ƙarami, wataƙila ta rasa uba, ba zai yarda a kwantar da uwarta a kan teburin tiyata ba. Ya ce Ubangiji ya riga ya ba da amsa, shi kuma ya karɓa. Na yi faɗa, na yi kuka, na buga ƙofa. Ko gezau.

Kowace safiya kafin Hope ta tafi makaranta mukan haɗa hannu mu uku, Nelson ya yi addu'a. Bayan rasuwar Paul ya koma rufewa da cewa duk abin da Ubangiji ya ga ya yi kyau, mu mun yarda. Hope ta ce amin. Ni kuwa na kama bakina. Ban yarda ba, to me zai sa in yi wa Allah ƙarya? Fushi nake yi da Shi, fushi na gaske, irin wanda ake yi da na gida. Ina zuwa coci, ina zama a layin matan zumunta da zanen da muka yi anko, amma in aka fara waƙa baki kawai nake motsawa. Nelson ya lura ba na cewa amin. Bai taɓa tambayata ba, sai dai ya ɗan matsa hannuna kafin ya saki.

Wata Talata a watan Janairu, yana kwance an jona shi da injin wanki, na zagaya ofishin Likita Ni'imatullahi na ce a ɗebi jinina. Ta tambaye ni ko mijina ya sani, na ce zai sani in lokaci ya yi. Ta ce tsakanin mata da miji yakan dace, yakan ƙi, kuma sai an aika jinin nesa, amsa tana iya ɗaukar mako uku ko fiye. Ban gaya wa kowa ba sai Allah. A keke-napep, a hanyar gida, na ce Masa a zuciyata: ka ga abin da na yi, ba na magana da Kai, amma ka gani.

Jiran nan ya ci ni. Na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai sau biyu. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ta yi shiru in ji haushinta. Nelson kuwa yana ta rama, wandunansa duk na rage musu ƙugu.

Ana cikin mako na uku, ranar wanki, wayarsa ta yi ƙara a jakata ina zaune a barandar asibiti. Maigandi ne, wani dattijon manomi na Argungu, babban abokin gardamar Nelson. Bayan gaisuwa ya ce sun ji Malam shiru, ya maganar dashe, ga lokaci yana wucewa.

Jama'a, ban san sa'ad da na tashi tsaye ba. Na ce shi wa ya aike shi ya tuna mini lokaci yana wucewa? Ina kwana da shi ina tashi da shi. Na ce wanda zai ba mu ya mutu, yana kabari a Pankshin, in yana da wani a aljihu ya kawo. Mutanen baranda duk suka juyo suna kallona.

Ya ce a hankali, “Maman Hope, wa za ya ba ku mi? Iri ga shi nan ya yi kore shar. Shinkahwa nika nuhi.”

Sai na zauna. Ashe Nelson bai gaya wa manomansa komai ba, cewa ya yi zazzaɓi ne ya sa shi hutu. Dashen shinkafa dattijon yake nufi, ni kuma kunnena ya manta kalmar tana da wata ma'ana. Kunya ta kama ni, kuka ya zo a kanta. Na ba shi haƙuri, na kwashe komai na gaya masa, ban da zancen jinina.

Washegari da hantsi sai ga shi a Badariya da matarsa Adama, da ƙullin busasshen kifi wanda likita ta hana Nelson ci. Da ya ga yadda Nelson ya koma, sai ya cire hula ya mayar. Daga baya ya yi masa faɗa sosai a kan ɓoye ciwo. Sannan ya fito da abin da ya sa yake ta nemansa. Bara ya ware fangali guda a gefen gonarsa ya dasa ɗaya-ɗaya, don kawai ya kunyata Malam, sai fangalin ya fi sauran cika. Bana ya yi niyyar dasa gonar duka haka, ran Asabar, kuma ba zai sa tsiro ko ɗaya a ƙasa ba sai Malam yana kallo. Rabon da in ga Nelson ya yi dariya har haƙoransa sun fito tun Paul yana da rai.

Na so in hana shi zuwa, amma na ga idonsa. Ran Asabar Maigandi ya turo mota, muka bi ta Ambursa zuwa Argungu, Nelson yana leƙen gonakin mutane ta taga yana gunaguni a kan masu cusa tsiro. An yi masa rumfar zana a bakin fadama, an sa kujera. Injin ban-ruwa yana ta ƙara, an ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan, masu dashe sun jera cikin laka. Yana zaune da bargo a gwiwa yana ɗaga yatsan nan nasa, su kuma suna amsawa da “To, Malam.”

Ni zama ya gagare ni. Na ba Adama jakata, na ɗaure zane, na shiga lakar, aka miƙo mini damin tsiro. Ruwan da sanyi. Abin da ban taɓa yi ba, sai ga ni ina yi daidai, don shekara goma sha ɗaya ina jin yadda ake yi a ƙofar kicin. Amma duk tsiron da na dasa sai ya kwanta kamar ya mutu. Na yi ƙorafi, Maigandi ya ce in bar shi, haka suke yi kwana uku kafin su kama.

Na yi layi huɗu ke nan Adama ta taho bakin ruwa da sauri, wayata tana ƙara a hannunta. Hannuwana duk laka, sai ta kara mini a kunne. Likita Ni'imatullahi ce. Ta ce amsar ta iso jiya da yamma, kuma ta kasa bari sai Litinin. Jininmu ya dace. Akwai sauran gwaje-gwaje, ba ta yi mini alkawarin komai ba, amma hanya ta buɗe in mijina ya yarda.

Na fito daga ruwan na nufi rumfa, tsiro guda yana hannuna ban ma sani ba. Nelson ya ga fuskata ya ɗauka wani ne ya sake mutuwa. Na durƙusa a gabansa na gaya masa abin da na yi a ɓoye da abin da likita ta ce.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce na ci amanarsa, ya ce ai ya hana ni. Ya ce Paul ya tafi, yanzu kuma a yanka ni a bar ni da ƙoda ɗaya, in wani abu ya same ni me zai ce wa Hope. Na bar shi ya gama, abin da ban saba ba.

“Baban Hope,” na ce, “shekara goma sha ɗaya kana cika wa mutanen nan kunne cewa ɗaya ya isa. Dubi gonar nan, sun yarda da kai. Kai ne ba ka yarda ba?”

Ya ce shinkafa daban, mutum daban. Na ce na sani, ni ma tsoro nake ji, tsoro sosai. Amma Wanda ya ba ni biyu ya san ranar nan tun kafin in san shi Nelson ɗin, kuma ban ga dalilin da zan shiga kabari da biyu mijina ya rasa ɗaya ba. Ya kawar da kai yana kallon masu dashe. Maigandi ya hango mu, ya tsawata wa mutanensa su ci gaba da aiki su daina kallo.

Na kama hannunsa da hannuna mai laka. Na ce yau ni zan yi addu'ar, in ya yarda ya san abin da zai ce. Rabona da yi wa Allah magana da baki tun bakin kabarin Paul, don haka ba ta fito da tsari ba. Na ce Masa har yanzu ban gane abin da ya sa ya ɗauke Paul ba, kuma ban daina jin zafi ba. Na ce ga ƙodata, Shi ya ba ni, ina so in ba mijina. In za ta kama, Ya sa ta kama, in ba za ta kama ba, kada Ya saki hannunmu, mu da Hope. Na roƙa cikin sunan Yesu, na yi shiru.

Ina jin injin ruwa, ina jin ƙafafun mutane cikin laka. Ban buɗe ido ba. Nelson ya daɗe bai ce amin ba, har na fara tunanin haka ya ji duk safiyar da na kama bakina, wata biyu cur, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Sai na ji hawayensa ya ɗiga a bayan hannuna.

“Amin,” ya ce.

Can ya share fuska da gefen bargo, ya dubi tsiron da na matse a hannu, ya ce in tashi in mayar da shi ruwa kafin saiwarsa ta bushe. Na koma cikin lakar, na bi igiya na sami wurinsa, na dasa shi.