Ta Sama Muka Saka Hudu

Motar ja ce, gajeriya, kujera biyu gare ta, kuma ba ta da rufi. Ɗana Abdullatif dillalin motoci ne. Ta daɗe a wurinsa ba mai saye, don tamfol ɗin da ke rufe ta ya lalace. Ni kuwa ina ganinta na ce tawa ce. Tun ina yaro nake mamakin mutumin da zai hau hanya ya ɓoye wa kansa sararin sama.

Da sanyi ya shigo ban ajiye ta ba. Kullum bayan asuba nakan bar Dutsin-Ma zuwa lambuna na albasa a gefen Kurfi, da hular sanyi, da rawani a kanta, da bargo. Akwai wani maɓalli mai hura zafi ta ƙasa, sai ƙafafuna su kasance a bazara, kunnuwana a tsakiyar hunturu. Matata Yahanasu takan gasa mini dankali biyu in sa a aljihu ina ɗuma hannu, in na isa in cinye. A hanya nakan ga belbelu sun bi ta kaina a jere, wani lokaci da farin wata da ya makara bai koma gida ba.

Wanda ya fi kowa yi mini tsiya taubashina ne, Hudu. Dogo ne ƙwarai. Tun da ya faɗo daga kan rumbu bayansa ya sandare. Yana iya zama in an jingina shi, amma sunkuyawa ta gagara. A ƙofar gida yake wuni, in na wuce ya ɗaga murya:

"Rabe, ina faifan ƙwaryar taka? Ko akuya ta cinye?"

"Kai dai azara, riƙe bangon nan kada ya faɗi!"

Sai ’yarsa Humaira ta haihu a Kurfi, mace. Ta aiko cewa sunan mahaifiyarta marigayiya za a sa, kuma tana so babanta ya ji da kunnensa. An kawo tasi, kansa ya ƙi shiga. Babur ba a ma zancensa. A-kori-kura kuwa ta taɓa jijjiga shi har ya yi kwanaki yana nishi.

Ana gobe suna na wuce, Hudu bai ce mini komai ba. Na taka birki, na dawo da baya.

"Yau ba ka tambayi faifai ba."

"Wuce, Rabe."

"Gobe bayan asuba ka shirya."

"A sanyin nan? So kake a haɗa suna da ta'aziyya rana ɗaya?"

Washegari da aka idar da sallar asuba mutanen masallaci suka ɗaga Hudu cak, suka tsallakar da shi ƙofar motar, suka sauke shi ta sama kan kujera, wuyansa bai ko motsa ba. Sai dai kansa ya wuce gilashin gaba, iskar duk tasa ce. Yahanasu ta kawo zanenta mai furanni ta naɗe masa kai da kunnuwa. Na ba shi dankalin duka biyun.

Na tafi a hankali ina kauce wa ramuka. Hawayen sanyi na bin gemunsa. Muka bar gari, gabas ta fara ja a kan gonakin da aka girbe. Can ya ce, "Rabe, dama haka sama take da faɗi?"

"Haka take kullum. Kai ne kake ta zancen faifai."

Sai ya ce, "Ƙara wuta, kada liman ya riga mu."

"Bayan naka fa?"

"Bayana ne ko naka?"

Na ƙara. Ya fashe da dariya, bakin zanen na kaɗawa a bayansa kamar tuta.

Mun iso ana raba goro, liman bai ɗaga hannu ba tukuna. Taron duk ya juyo yana kallon wani dogon kai cikin zanen mata. Aka zo za a ciro shi, ya ce a bar shi, ƙafarsa ba ta taɓa jin daɗi irin na yau ba. Daga nan cikin mota ya ji an ce Halimatussa'adiyya. Ya shafa fatiha da ɓawon dankali a yatsunsa.

Da hantsi ya ɗaga Humaira ta fito zaure da jaririyar a lulluɓe. "Baba, zanen wa ke kanka?" Tana dariya tana share ido. Ta miƙa masa ita ta sama, ta inda shi ma ya shiga.

Washegari na fito da bargona, na iske shi tsaye jikin motar, ya riga ya naɗa zanen da kansa.

"Ce wa Yahanasu ta gasa huɗu," ya ce. "Kuma kira mutanen nan su ɗaga ni."