Fitowar Malam Jibo ta Ƙarshe

"Ɗaga mini filon nan, Maitama. Ba zan yi magana a kwance ba."

Maitama ya tura filon bayan maƙwabcinsa Malam Jibo, ya gyara masa hula. Masu shirya fim sun cika ɗakin, mai kyamara a bakin ƙofa, darakta Zubair tsugune gefen gado. Saura fitowa ɗaya a gama shirin, sai ciwo ya kwantar da Malam Jibo, shi ne suka kwaso kayansu daga Funtuwa suka biyo shi Malumfashi.

Shekara arba'in Maitama yana jin muryar nan ta kan katanga. Da ƙuruciya waƙar noma Jibo yake yi a wurin gayya. Daga baya aka ɗauke shi a firamare yana koya wa yara waƙa. Da murya ta dishe, Zubair, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya roƙe shi ya fito a matsayin mai unguwa sau ɗaya. Sau ɗayan nan ya kai shekara tara.

"Malam, in ka gaji mu bari sai gobe," in ji Zubair.

"Kai ke da goben? Kunna abinka."

Abin da aka rubuta masa kaɗan ne: uba zai yafe wa ɗansa da ya gudu birni ya bar gona. Ya faɗa tsaf, bai yi tuntuɓe ba. Maimakon ya yi shiru, sai ya lumshe ido ya ɗauko wata tsohuwar waƙarsa ta gayya. Matasan suka kalli juna, ba wanda ya san amshin. Maitama, da aka ce ya tsaya daga gefe, ya matso ya amsa masa har ƙarshe.

Jibo ya yi dariya har da tari. "Shi ke nan, ka shiga fim da tsufanka. Zubair, kar ka yanke shi."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, bayan ya sha kunu ya ce ya yi daɗi.

Da aka dawo daga maƙabarta, hadari ya taso ta wajen Bakori. Masarar gonar Jibo tana shanye a ƙofar gida, kowa ya manta da ita. Maitama ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa yana tattara ta cikin buhu.